Abin da allon harbi ya nuna mini game da saitin ƙaramar bindiga

Aikin da na yi har na ajiye kaki shi ne koyar da harbin ƙaramar bindiga da duba lafiyarta a ma'ajiyar makamai. Ƙorafin da kunnena ya fi sabawa da shi a tsawon shekarun nan guda ɗaya ne: "Oga, saitin bindigar nan a karkace yake." Shaidar da zan bayar ita ce mafi yawan bindigogin da aka miƙo mini da wannan magana lafiyarsu ƙalau. Laifi tudu ne, mutum ya taka nasa ya hango na ƙarfe. Akwai dai waɗanda da gaske sun karkace, kuma gyaransu lissafi ne da ɗan firamare zai iya. Wahalar tana wajen rarrabe wanne ne wanne.

Maganar tawa da jami'an tsaro nake yi, da 'yan wasan harbi, da 'yan'uwanmu mazauna ƙasashen da ake ba farar hula lasisi. A Najeriya dokar makamai ta 1959 ta sa fistol da libarba (ƙaramar bindiga mai ganga da ke juyawa da harsasai a ciki) a jerin makaman da ba a riƙewa sai da lasisin shugaban ƙasa. Sannan duk abin da zan faɗa a ƙasa, ba a fara shi sai an zare magazin, wato gidan harsasai, an ja silaid, wato ƙarfen saman bindiga mai zamewa gaba da baya, an kulle shi a baya, an duba gurbin harsashi da ido, an kuma taɓa da yatsa. Ido yana ruɗi, musamman ga wanda ya gaji.

Saiti biyu ne a kan bindigar. Na gaba tsini ne a kusa da baki, na baya kuma giɓi ne kamar wushirya. Daidaita su yana nufin saman tsinin ya yi kai ɗaya da saman kafaɗun giɓin, hasken da ke hagu da tsinin ya yi daidai da na damansa. Wannan abu ɗaya ne. Ɗora saitin da aka daidaita a kan wurin da ake so a samu, wannan abu na biyu ne. Sababbin ɗalibai suna cakuɗa su, suna kashe ƙarfinsu a na biyun, alhali na farkon ne ke cin mutum.

Ga dalili a lissafe. A fistol ƙirar Glock 17 tazarar da ke tsakanin saitin gaba da na baya milimita 165 ce. A nisan mita 25, wato milimita 25,000, idan ka raba za ka samu kusan 151. Ma'ana duk milimita 1 da tsinin ya goce daga tsakiyar giɓi, harsashi zai goce da kusan santimita 15 a kan allo. Amma idan saitin yana daidai, hannunka ne kawai ke ɗan lilo gaba ɗayansa da santimita 1, kuskuren a kan allo bai wuce kusan wannan santimita ɗin ba. Shi ya sa nake hana ɗalibi faɗa da lilon hannu. Babu ɗan Adam da hannunsa ke tsayawa cak. Bar shi ya yi lilonsa, kai dai riƙe tsini a tsakiyar giɓi ka ci gaba da matsa kunama. Wanda ke jira sai tsinin ya zo kan tsakiyar allo ya fizgi kunama da sauri kafin ya wuce, shi ne kullum ke harbin ƙasa.

Ido ba ya iya ganin abu uku a nisa uku tangaran a lokaci ɗaya. Dole a zaɓi ɗaya, kuma tsinin gaba ake zaɓa. Allo ya yi dishi-dishi, giɓin baya ma haka. Mutum yana jin wannan ya ce ya gane, sai a daidai lokacin da kunama za ta tashi idonsa ya tsallaka zuwa allo don ya ga inda zai samu. Alamar mai yin haka ita ce ramukan da harsasansa suka huda a allo a warwatse suke ko'ina, babu ɓangaren da suka fi karkata. Akwai kuma maganar idon da ya fi rinjaye. Miƙe hannuwa biyu, ka yi ɗan rami tsakanin tafukanka, ka leƙa wani abu mai nisa ta ciki da ido biyu a buɗe, sannan ka rufe ido ɗaya bayan ɗaya. Idon da abin ya ci gaba da zama a cikin ramin da shi, shi ne mai rinjaye. Na-dama da idon hagunsa ke rinjaye ba sai ya sauya hannu ba, ya ɗan juya haɓarsa zuwa dama ya kawo bindigar gaban idon hagu. Rufe ido ɗaya ba wajibi ba ne. Duk wanda ya ga Yusuf Dikeç na Turkiyya a gasar Olamfik ta Faris a 2024, hannu ɗaya a aljihu, ido biyu a buɗe, ya ci azurfa a harbin bindigar iska na mita 10, ya san haka. Wanda ya haura shekara 40 kuma ya fara ganin tsinin yana narkewa, ya je wurin likitan ido ya gaya masa yana son gilashin da zai gani tangaran a nisan miƙaƙƙen hannu da ƙarin ɗan taƙi. Gilashin karatu na kasuwa yakan yi ƙarfi da yawa, ya share allon gaba ɗaya.

Yanzu ga inda yawancin ɓarnar take, wato kunama. Glock 17 cike da harsashi bai kai kilo ɗaya ba, kunamarsa kuwa tana buƙatar nauyin kilo biyu da rabi zuwa uku kafin ta tashi. Yatsa ɗaya yana danna abin da ya ninka nauyin bindigar kusan sau uku, kuma ana so bindigar kada ta motsa ko milimita ɗaya. A fistol ƙirar Beretta 92 harbin farko, wanda kunama ke ɗaga gudumar bindigar (ƙarfen da ke dukan allurar da ke tayar da harsashi) da kanta, ya ninka na biyu nauyi, don haka za ka ga rami ɗaya can gefe, sauran a dunƙule. Wannan ba ciwon saiti ba ne.

Na-dama da ramukansa ke taruwa ƙasa ta hagu, bahago kuma ƙasa ta dama, kusan kullum abu biyu ne. Ko dai yana matse sauran yatsu uku tare da yatsan kunama, bakin bindigar ya sunkuya zuwa ciki, ko kuma jikinsa yana tarbar shurin bindigar tun kafin ya zo, sai ya danna ta ƙasa. Mai yin haka ba ya sani, domin ƙara da shuri suna rufe motsin. Gardama ba ta warware wannan. Abin da ke warware ta shi ne wani ya cika masa magazin ba tare da ya gani ba, ya cusa harsasan roba na atisaye biyu ko uku a tsakanin na gaske. Idan ya zo kan na robar, bindiga ta ce ƙyas, sai kowa ya ga bakinta ya yi sujada. Gani ya kori ji. Daga nan ba ya ƙara cewa komai game da saiti.

Maganinsa atisaye ne babu harsashi. A fitar da harsasai daga ɗakin gaba ɗaya, a fuskanci bango mai kauri da babu kowa a bayansa, a kawo bakin bindiga kusa da bangon da ɗan yatsa biyu, ba tare da wata alama da za a auna ba. Ido a kan tsini, a matsa kunama kai tsaye zuwa baya har ta tashi. Idan tsinin ya motsa, an ga kuskuren. Wanda saman tsininsa yake a shafe zai iya ɗora kwabo ko kwanson harsashi a kai, ya danna ba tare da ya faɗo ba. Minti 10 kullum ya fi awa biyu ranar Asabar kaɗai. Bindiga mai ƙaramin harsashin .22 dai ba a yi mata haka sai da harsashin roba a ciki, domin allurarta tana dukan gefen gurbin ta lotsa shi.

Riƙo kuwa, hannun harbi ya hau can sama har fatar da ke tsakanin babban yatsa da manuni ta cika wuyan ƙota, babu sarari. Hannu na biyu ya cike gurbin da ya rage a jikin ƙotar, kuma shi ne zai fi matsewa, don yatsan kunama ya samu sakewa. Tsokar gaɓar farko ta manuni ce ke kan kunama. Idan yatsan ya shige da yawa ko ya tsaya a tsini, yana tura kunamar gefe maimakon baya. Akwai wani zane mai kama da agogo da ake mannawa a filayen harbi, wai idan ka samu ƙarfe bakwai kaza ne, ƙarfe biyu kaza ne. An yi shi ne don masu harbi da hannu ɗaya. Yana ba da haske, amma ban taɓa yanke wa ɗalibi hukunci da shi kaɗai ba.

To idan an kawar da duk wannan, ta yaya ake tabbatar da laifin bindiga? A zauna a tebur. A ɗora wuyan hannuwa a kan buhun yashi, kada silaid ko bututu ya taɓa komai. Toshen kunne da gilashin kariya a jiki. A fara a mita 7 don a tabbata ana kan takarda, sannan a koma mita 25, ko 15 ga wanda bai ƙware ba. Harsashi iri ɗaya, kamfani ɗaya, nauyi ɗaya. A harba biyar a natse, a auna wuri ɗaya kowane lokaci, kada a bi rami. Bin rami shi ne ka ga na farko ya yi hagu, ka karkata dama don ka rama. Mai yin haka ba zai taɓa sanin inda bindigarsa ke harbi ba. A maimaita sau uku a sabuwar takarda. Sannan a ba wani gwani ya yi nasa biyar ɗin, in da hali bahago. Idan na-dama ya samu hagu, bahago ya samu dama, bindiga ta wanku. Idan dukansu sun taru a wuri ɗaya a gefe, to saiti ne.

Kafin a ɗauko guduma akwai tambaya biyu. Ta farko, wace irin ɗorawa aka ƙera saitin don ita? Wasu bindigogin harsashi yana sauka daidai saman tsini. Wasu, kamar yawancin na kamfanin SIG, yana sauka ne a bayan farin ɗigon da ke jikin tsinin, wato sai ka rufe wurin da ɗigon. Na gasa kuma ana ɗora baƙin da'irar a saman tsini kamar ƙwallo a kan sanda, harsashi ya sauka sama a tsakiya. A allon gasa na mita 25 baƙin yana da faɗin santimita 20, don haka bambancin ɗorawa kaɗai ya kai santimita 10. Mutum ya saba da wata bindiga, aka ba shi wata, sai ya ce tana harbin ƙasa. Tambaya ta biyu nauyin harsashi. Harsashin 9mm yana zuwa da nauyin giren (ma'aunin nauyin harsashi) 115, 124 da 147, wato kusan giram 7.5, 8 da 9.5. Mai nauyi yana tafiya a hankali, yana daɗewa a cikin bututu lokacin da baki ya fara ɗagawa, sai ya sauka sama da mara nauyi a gajeren zango. A libarba abin ya fi fitowa fili. Tsofaffin libarba masu harsashin .38 masu saitin da ba ya motsi an daidaita su ne da giren 158, ka sa musu mai sauƙi su yi ƙasa. A daidaita saiti da harsashin da za a riƙa ɗauka, ba da ragowar da aka tsinto a akwati ba.

Ƙa'idar motsawa ba ta da wuya, amma ana juya ta kullum. Saitin baya yana bin inda kake so harsashi ya koma. Ramuka suna hagu, kana so su koma dama, tura saitin baya dama. Suna ƙasa, ɗaga na baya. Saitin gaba akasin haka yake: ramuka suna ƙasa, tsini ya gajarta, suna sama, tsini ya ƙara tsawo.

Nawa za a motsa? Nemo tsakiyar tarin ramukan, ka auna nisansa daga wurin da ka ɗora saiti, gefe daban, sama ko ƙasa daban. Ninka kuskuren da tazarar saiti, ka raba da nisan allo, duka a milimita. A ce Glock 17 ce a mita 25, tarin yana santimita 8 a hagu, santimita 12 a ƙasa. Na gefe: 80 sau 165, a raba da 25,000, ya ba da 0.53. Rabin milimita ke nan zuwa dama, kaurin bakin fensirin injiniya. Na ƙasa: 120 sau 165, a raba da 25,000, ya ba da 0.79. Saitin baya na Glock yana zuwa da tsawon milimita 6.1, 6.5, 6.9 da 7.3, kuma 6.5 ne aka saba sa wa wannan samfurin. Kowane mataki na 0.4 yana ɗaga harsashi da kusan santimita 6 a mita 25, don haka mataki biyu ake so, wato 7.3. SIG lambobi take bugawa a jikin saitinta. Ƙarin lamba ɗaya a na gaba yana ɗaga harsashi da kusan inci ɗaya a yadi 25, a na baya kusan inci biyu. Beretta 92FS ta asali kuwa tsininta a jikin silaid aka sassaƙa shi, ba ya fita, don haka duk gyara a baya ake yi. Ni dai idan lissafi ya nuna ana buƙatar fiye da milimita ɗaya da rabi a gefe, ba na turawa. Saitin da ya leƙo waje daga silaid yana gaya maka ciwon yana wani wuri.

Saitin baya a cikin wani kwarmi yake, mai faɗin ƙasa da tsukin sama, matsi ne ke riƙe da shi. A cire silaid daga jikin bindiga, a cire bututu da sifirin. A ja layi siriri da fensir daga jikin saitin zuwa jikin silaid, domin rabin milimita ba a ganinsa sai da shaida. A duba ko akwai ƙaramin sukuru a saman saitin, a sassauta shi tukuna. Na sha karɓar saitin da aka daka har ya lanƙwashe saboda ba a ga wannan sukurun ba. Abin da ya fi dacewa shi ne na'urar tura saiti mai zare, wadda ke riƙe silaid tana turawa sannu a hankali. In babu, a matse silaid a matsewar teburin makaniki da fata ko katako a gefe biyu, kada a matse har ya tsuke, a sa guntun sandar tagulla ko ta roba mai tauri a gindin saitin, can ƙasa kusa da kwarmi, a ɗan buga da ƙaramar guduma. Ba a bugun kafaɗun giɓi, ba a kuma sa ƙusa ko sukudireba. Saitin dare mai ƙyalli yana da 'yar kwalbar tiritiyom, iskar da ke sa shi haske a duhu, a ciki, bugu yana fasa ta, don haka shi na'ura kawai. Haskensa ma da kansa yake raguwa da rabi duk bayan shekara 12 da 'yan watanni. Bayan kowace turawa a harhaɗa, a koma tebur, a harba biyar. Sau biyu ko uku ya kamata a gama.

Tsinin Glock sukuru ne ke riƙe da shi ta cikin silaid, mai kai kusurwa shida na inci 3/16. Idan ya kwance, tarin ramuka yana yawo, yau hagu gobe dama. Kama tsinin da yatsu biyu ka murɗa, in ya motsa ka samu ɓarawon. A wanke zaren da sifirit, a ɗiga ɗigo ɗaya na shuɗin Loctite, gam mai hana sukuru kwancewa, a ɗaure daidai, a bar shi ya kwana kafin harbi. Jan Loctite ba ya kwancewa sai da wuta. Masu gogar tsini da magagari don su ɗaga harsashi su tuna abin da aka goge ba ya dawowa, kuma a bindigar hukuma wannan aikin mai kula da makamai ne, da rubutu a littafi. Saitin da ke da sukurun daidaitawa ko mai jan ɗigo na lantarki ya huta da duk wannan. A saitin jan ɗigo ƙirar Trijicon RMR kowane ƙyas ɗaya na sukurun yana motsa harsashi da kusan milimita 7 a mita 25, sai a ƙirga.

Saiti yana matsar da tarin ramuka ne kawai, ba ya tsuke shi. Idan gwani a kan buhun yashi ya kasa tara biyar a cikin tafin hannu a mita 25, a bar saiti a duba ƙarfe. A fara da leɓen bakin bututu, inda harsashi ke rabuwa da shi. Ɗan lotsi a nan, daga faɗuwa a siminti ko daga zura sandar wanki ta baki, yana sa iskar albarushi ta fita ta gefe ɗaya ta ture gindin harsashi. Shafa auduga a leɓen, in ta maƙale akwai tsaga. Wanki ta baya ake yi, ta gurbin harsashi. Sai a haska cikin bututun. Dalma ko tagulla da ta toshe layukan da ke murɗa harsashi tana hana shi juyawa yadda ya kamata, kuma alamarsa rami mai tsawo a takarda kamar ramin makulli, harsashi ya shiga a kaikaice. Kamfanin Glock ma ya hana sa harsashin dalma tsirara a bututunsa. Da silaid a rufe, bindiga babu komai, danna bayan bututu ta tagar fitar kwanso. Idan yana nutsewa sosai, makullinsa ya ci. A libarba, idan gangar ba ta tsayawa daidai da bututu, za ka ji ɓarɓashin dalma yana feso wa na kusa da kai, wannan a ajiye ta nan take.

Lokacin hunturu ƙura tana haɗuwa da mai ta zama kamar ƙullun gogewa a kan layin silaid, don haka mai kaɗan, shafawa da yawa. Rana kuma idan ta bugi tsini daga gefe, gefen mai ƙyalli yana ɓacewa ido, tarin ya koma gefe da safe ya dawo da yamma. 'Yan gasa suna baƙanta saiti da hayaƙin kyandir ko ashana. In za a daidaita saiti, a yi a inuwa.

Harsashin da ya daɗe a zafi da laima yana ba da ƙara mabambanta, ramuka su miƙe sama da ƙasa kamar igiya. Idan ana cikin harbi aka ji wata ƙara mai rauni, shuri ya yi sanyi, ko silaid bai koma ba, a tsaya. Yatsa waje, baki yana kallon allo, a zare magazin, a buɗe, a warware bindigar, a zura sanda a bututu a ga ko ta fita ta ɗaya gefen. Harsashin da albarushinsa bai ci ba yana iya tsayawa a tsakiyar bututu, na bayansa kuma in ya same shi a can bututun ne ke kumbura ko ya tsage a hannun mai harbi. Akwatin da wannan harsashi ya fito a ware shi, a rubuta lambar da ke jikinsa, a mayar ma'ajiya.